Dutsen da Wuƙa Ba Ta Ci Ba

Rani biyu na yi ina ɗaukar wa wani Baturen duwatsu kaya, daga Gwarzo har bayan Kabo. Aikinsa ke nan: ya tsinci dutse, ya karce shi, ya rubuta. Mu 'yan dako kallon taɓaɓɓe muke yi masa. Mutum ya baro ƙasarsu, ya ƙetaro teku, don kawai ya zo yana sosa wa tsakuwa baya! Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kafin rani na biyu ya ƙare na iya abin.

Ba wani sihiri ba ne. Farce za ka fara sawa. In ya ci dutsen, kamar yadda yake cin alli, to mai laushi ne. In bai ci ba sai kwabo, shi ke cin kwalli. Daga kwabo sai bakin wuƙa. In wuƙa ta zame ba ta bar tabo ba, sai ka juya, ka sa dutsen ya karci kwalba. Ƙanƙarar ƙyasta wuta tana yi. Kowane dutse da matakinsa. Tafintan Baturen, wani Bakatsine mai shegen surutu, shi ya gaya mini abin da ya fi ɗaure mini kai: zinariya tana can ƙasa-ƙasa, wuƙa tana shigarta kamar dalma. Akwai wani dutse rawaya da ke kwaikwayonta, in ji shi, kuma taurinsa ne ke tona masa asiri.

Mu kuwa maƙera ne, a wani ƙauye na Masanawa. A wurin maƙeri, abin da ya yi tauri shi ne abin kirki, wanda ya lanƙwashe na banza ne. A kan haka aka haife mu.

Na dawo gida ruwa ya sauka, kowa na noman fari, ban da yayana. Lokacin labarin zinariyar Zamfara ya cika kasuwanni. Shi kuma ya ga wani dutse rawaya mai ƙyalli a gaɓar rafi, ya haƙa rami yana bin jijiyarsa, ya tara cikin tukunya har wuya. Gonarsa ciyawa ta fi gero tsayi. Ga mata, ga 'ya'ya uku.

Kashegarin dawowata ya sa aka kira ni maƙera. Baba na zaune a bakin uwar maƙera, inda yake dukan ƙarfe, maƙwabta sun cika rumfar, har da surukin Yaya, dattijon da ya tako daga Lakwaya don ya ga arzikin 'yarsa. Yaya ya miƙo mini dutse ɗaya, ya ce tunda na yi yawo da Nasara, in gwada masa irin gwajinsu kowa ya gani.

Na sa farce, bai ci ba. Na sa kwabo, kwabon ne ya goge. Na zaro wuƙa na danna da ƙarfi, ina roƙon Allah ta shige. Ta zame. Aka kawo fasasshiyar kwalbar man gyaɗa, na ja dutsen a kai, ya bar farin layi ƙiri-ƙiri.

Rumfar ta ɗauki kabbara. Yaya ya miƙe tsaye, idonsa har da ƙwalla.

"Kun gani? Wuƙar gidanmu ma ba ta ci shi ba."

Surukinsa ya riƙe masa hannu yana sa albarka. Aka juyo ana jiran bakina. To me zan ce? Ƙane ya ƙaryata wansa a gaban uba, a gaban suruki? A garinmu gara ka mare shi. Na sunkuyar da kai na ce, "Lalle yana da tauri, Yaya." Ban yi ƙarya ba, amma wallahi a rayuwata ban taɓa faɗin mugunyar magana kamar wannan ba.

Na ce wa kaina zan same shi shi kaɗai. Na kuwa je ramin, sau biyu. Na farko ya fito jikinsa duk laka, yana ba ni labarin keken da zai saya mini, da auren da zai yi mini in kaka ta yi. Na biyu na tarar ya kutsa ƙarƙashin gaɓar, daga ciki nake jin muryarsa yana waƙa. Na tsaya kamar wawa, na yi masa sannu da aiki, na juyo. Kullum gobe. Ina jin haushin kaina har yau, kuma haushin bai ragu ba da tsufa.

Aka shiga marka, kwana uku ana ruwa. Ranar da aka ɗauke, da hantsi, matarsa ta kai masa fura ta tarar babu bakin ramin. Gaɓar ta zauna gaba ɗaya. Muka haƙa da fartanya, da hannu. Sai bayan la'asar muka kai gare shi, da ƙyar muka ɓamɓare yatsunsa daga ƙotar diga.

Bayan sadakar bakwai mutane suka watse. Na shiga maƙera na tarar da Baba shi kaɗai, wuta a mace. Na gaishe shi, na zauna nesa. Sai ya ce ranar da na gwada dutsen nan kowa dutse yake kallo, shi fuskata yake kallo.

"Ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kunya."

Na jira ya zage ni, ya tsine mini ma, da na ji sauƙi. Sai ya share fuska da bakin riga, ya dubi ƙasa.

"Ni na koya maka ita," in ji shi. "Kuma ni ma na ga fuskarka, ban tambaya ba."