Unguwar da Na Hana Ɗalibai Shiga

Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon a ba ni fili in sauke wani abu da ya daɗe a raina. Yanzu ni dattijo ne, amma abin ya faru ina saurayi, a Jidda, farkon shekarun saba'in. A unguwar Karantina aka haife ni. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa don aikin Hajji, bai koma ba. Da Larabci na tashi, Turanci na tsince shi a tashar jiragen ruwa, Hausa kuwa ta cikin gida ce, tsakanina da mahaifiyata. Saboda Turancin nan ne wata makaranta ta ɗauke ni aiki. Ɗalibai ne ke zuwa daga ƙasashe dabam-dabam, su yi wata uku suna koyon Larabci da al'adun ƙasar, su koma gida. Aikina shi ne in tarbo su, in bi musu takardu, sannan a makon farko in zaunar da su in yi musu bayanin gari: yadda ake gaisuwa, yadda ake ciniki a kasuwar Bab Makka, lokacin da ake rufe kantuna don salla, da abincin da zai iya ɓata cikin baƙo.

Ina son aikin ƙwarai, ina kuma son ɗaliban. Amma a makarantar ba wanda ya san unguwarmu. Ina jin kunyar gidajen kwano da katako, ina jin kunyar a ga mahaifiyata a bakin ƙofa tana suyar waina. Don haka duk lokacin bayanin nan sai in ƙara musu wani gargaɗi da ba wanda ya sa ni. Nakan ce kada wanda ya kuskura ya shiga Karantina, baƙo ɓacewa yake yi a can, ga cuta, ga ɓarayi. Su kuwa su rubuta a littattafansu, don sun ɗauka duk abin da na faɗa haka yake.

Wata shekara aka zo da wani malamin firamare daga Nijeriya, mutum mai natsuwa, ya ba ni kusan shekara ashirin. A filin jirgi ya gaishe ni da Hausa, na amsa da Larabci kamar ban ji ba. Ya yi murmushi ya koma Turanci. Ranar da na gama bayanin ya biyo ni waje, ya ce yana da wata buƙata. Gwaggonsa ce ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, ta tafi Hajji yana ɗan shekara tara, ba ta dawo ba. Wani alhaji ya ce ya gan ta a Karantina. Ya ce gaskiya ita ce ta sa ya nemi karatun nan. Na ce masa dokar makaranta ta hana, in aka kama shi a can ba iƙama, wato takardar izinin zama, a hannunsa, mayar da shi gida za a yi. Babu wannan dokar. Na yi masa alkawari zan bincika masa da kaina, ya faɗa mini sunanta da garinsu da tabon ƙuna a hannunta na hagu. Ban tambayi kowa ba, don ina tsoron tambayar ta jawo shi ƙofar gidanmu.

Kowane mako yakan tambaye ni a hankali ko an dace, in ce masa bukra, wato gobe, in sha Allah. Bai taɓa ɓata rai ba. Ƙanena yake ce mini. Ya raba kilishin da ya zo da shi ya ba ni rabi, yana gyara mini Turanci in na yi kuskure, ni kuma ina gyara masa Larabci muna dariya. Ranar da na kai ɗaliban bakin ruwa a Abhur, sauran suna wasa da ruwa, shi ya zauna gefe yana kallon teku har muka tashi.

Saura mako guda su tafi ya kira ni ɗakinsa, ya miƙo mini zane da mayafi da ya saya a Bab Makka. Da Hausa ya yi mini magana. Ya ce tun ranar farko ya san ina ji, amma kowa da dalilinsa, ba zai matsa mini ba. Roƙonsa kawai, in Allah ya sa na same ta bayan tafiyarsa, in ba ta, in ce yaron da ta bari ya girma, ya zo har Jidda.

Na kai kayan gida da la'asar, mahaifiyata ta tambaye ni na wane ne. Na faɗa mata komai. Da ta ji sunan da tabon, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta ce ai tsohuwar nan ce mai koko da ke bayan masallaci, wadda mu duka Hajiya kawai muke ce mata, wadda ta goya ni wata biyu lokacin da ita mahaifiyata take jinya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni ne kawai ko su mutanen unguwarmu ne nake jin kunya. Na kasa ɗaga kai.

Washegari na ɗauko malamin. A hanya na gaya masa gaskiya, har da ƙaryar dokar. Ya dafa kafaɗata ya ce yalla, mu yi sauri. Idon tsohuwar ya yi rauni, sai da ta shafa fuskarsa, sannan ta kira shi da wani sunan yarinta. Ya durƙusa ya kifa kansa a gwiwarta yana kuka, tana tambayarsa ko ya ci abinci. Kwana biyar suka samu. Kullum bayan darasi muna can, har wasu ɗaliban suka biyo mu, suka zauna a tabarma mahaifiyata tana zuba musu waina, tana koya musu Larabcin kasuwa da ba ya cikin littafi. Ranar tafiya ya rungume ni ya ce halas, ya yafe, kwana biyar ma kyauta ce daga Allah. Bayan haka ni nake rubuta masa wasiƙun gwaggonsa, in karanta mata nasa. Uku kawai muka aika, ta rasu kafin aikin Hajjin shekarar.

Ya yafe mini, amma ni na san mako goma sha ɗaya na ɗauke musu, kuma ba ni da hanyar mayarwa. Baƙo ba shi da ido sai naka, abin da ka nuna masa shi zai gani, inda ka hana shi nan zai tsaya. Duk wanda aka ba amanar tarbar ɗalibai ko wani baƙo, ya faɗi gaskiyar gari, kada ya cusa tsoronsa ko kunyarsa a cikin shawara. In kuma baƙo ya roƙe ka ka tambaya masa wani abu, ka tambaya tun ranar, domin kwanakinsa a garin ƙidayayyu ne, wanda yake nema ma haka.