Ranar Da Na Buga Katifa

A Lajawa na koyi kokawa, a kan yashi, bayan an gama girbi. A can ba wanda ke buɗe baki ya ce ya sallama. Da ka sha ƙasa, ihun 'yan kallo ne zai gaya maka, sai ka kakkaɓe wando ka koma gefe.

Da na shiga jami'a a Wudil, na tarar da wasu ɗalibai suna judo, wata kokawa ta Japanawa, bayan la'asar a wani ɗaki mai shimfiɗe da katifu. Na ce ni ma zan gwada. Kocinmu, wani malamin lissafi mai furfura, ya haɗa ni da wani siririn Bafulatani ɗan Yola. Da na dube shi har tausayi ya ba ni.

Muna kamawa na sa masa ƙafa, ya faɗi ta gefe. A zatona an gama. Ina shirin miƙewa sai ya cafke hannuna na dama, ya jawo ni ƙasa, ya danne ƙirjina da ƙafafunsa, ya miƙar da hannun ya bankare shi. Gwiwar hannuna ta ɗauki zafi.

"In ka ji zafi buga katifa," in ji koci. "Alamar ka sallama ke nan."

Na ƙi. Na cije leɓe ina kallon silin. A raina na gwammace hannun ya karye da in ce da kaina an fi ni.

Sai kawai ya sake ni, ya tashi zaune.

"Malam, ni ba zan ƙara ba," ya ce wa koci. "Da hannun nan zai rubuta jarrabawa."

Koci bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi in je in sa ruwan sanyi.

Washegari da safe yaron ya zo ɗakinmu da man zafi. Ya zauna a bakin katifata, ya karɓi hannun yana murzawa a hankali.

"Aboki, ka sa ni cikin wahala jiya," ya ce. "In ba ka buga ba, ta yaya zan san inda zan tsaya? Ni kullum sai na buga. Ko ɗan sabon shiga ne ya kama ni, bugawa nake yi."

Na yi masa godiya.

Da hannun ya warke na koma. Aka sake haɗa mu. Ba mu daɗe ba ya shaƙe ni da wuyan rigata, numfashina ya fara sarƙewa. Na ɗaga tafin hannu na buga katifa. Nan take ya saki.

Ba wanda ya yi ihu, ba ma wanda ya waiwayo, kowa na fama da abokin karawarsa. Na zauna ina tari.

"Ka kama ni da kyau," na ce. "Nuna min yadda ka yi."

Ya gyara ɗamararsa, ya kama hannuna ya ɗora a wuyan rigarsa. Muna nan har aka kira magariba.