Matacin Inna Wasila

A Paki, in ana zancen tsafta, da Inna Wasila mai koko ake kwatance. Maƙwabciyata ce, shekara ashirin ina jin tafasar tukunyarta ta bayan katanga. Mace ce da za ta sa ka sake wanke kofin da ka wanke a gabanta, ta kuma bi ka da faɗa. Ba gona, ba saniya. Wannan sunan shi ne duk abin da ta tara.

Da korona ta lafa, ɗan ƙanwarta ya kawo mata kwalayen takunkumin fuska sababbi fil, irin shuɗin nan da ake sawa sau ɗaya a yar. Inna ba ta zubar da abu. Ta cire igiyoyin, ta ɗinke su goma-goma ta yi matacin gasara, don a ganinta ba abin da ya kai kayan asibiti tsafta. In ya yi laushi ya fara gashi, sai ta ɗinka wani. Shekara uku muna sha muna santi, har da ni mai bakin tsiya.

Wata safiya Loveth, mai gwajin jini a asibiti, ta zo sayen koko ta ga matacin a kan igiya. Ta matso kusa, a hankali ta ce, “Inna, in kin tashi ki zo wurin aikina da ɗan ruwan gasararki.”

Da Inna ta je, Loveth ta ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin duba jini, ta ce mata ta leƙa. Daga baya Inna ta gaya mini abin da ta gani. A ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, ga zaruruwa shuɗi-shuɗi kwance kamar karan dawa bayan girbi. Ta ɗago ta dubi gilashin da idonta, fari tas. Ta sake leƙawa, suna nan.

“Ikon Allah,” in ji ta. “Ashe duniya guda ce a cikin ɗigo.”

“Roba ce, Inna. Takunkumin ba auduga ba ne, kuma ciki ba ya narkar da ita.”

“Tana fita daga jikin mutum?”

“Wata tana fita. Wadda ta zauna, masana ma ba su gama sanin ɓarnarta ba.”

Ni na ba Inna shawara ta canja mataci ta yi shiru, kuma har yau ina jin kunyar hakan. Washegari ba ta hura wuta ba. Ta tsaya a ƙofar gida, duk wanda ya miƙo kwano sai ta ce, “Shekara uku ina ba ku roba ban sani ba, ku yafe mini.” Wasu sun juya, ba su ƙara dawowa ba.

Gambo direba ya daɗe a tsaye da kwanonsa. Ya ce, “Inna, da kin yi shiru, wa zai sani?”

Ta ce, “Ni na gani.”