Ƙafar Inna a Hanyar Zuba

Ban yafe wa direban nan ba, kuma ban yafe wa mutum biyun da suka zauna cikin motarsa suna kallo ba. Malamai sun sha yi mini wa'azi a kan haka. Na saurare su, na yi musu godiya, ban yafe ba.

Lokacin ba a daɗe da saukar soja daga mulki ba, Abuja na tashe. Duk inda ka waiwaya gini ne ke hawa sama, kowa na cewa kuɗi sun zube a garin. Ni ba su suka kai ni ba. Ciwon suga ne ya buɗe wa mahaifiyata gyambo a ƙafar hagu, likitan garinmu ya ba mu takarda zuwa wani babban asibiti a can. Ya ce mai duba irin wannan ƙafa ranar Talata kawai yake zama, kuma da sha biyun rana ta yi ake daina karɓar kati. Ya ce in muna son Inna ta koma gida da ƙafa biyu, kada Talatar nan ta wuce mu.

Motar asuba ta sauke mu a Zuba wajen ƙarfe tara, cikin ƙamshin abarba da tsamin ruɓaɓɓen lemo. Na tallabo Inna zuwa layin korayen tasi. Na faɗa wa wani direba sunan asibitin, ya ce hanyarsa ce, mu shiga. Muka shiga.

Ga kuskurena. A garinmu ba a tambayar kuɗin mota kafin a hau. Kowa ya san shi, kuma ka tsaya kana ciniki a bakin ƙofa kamar ka kira direba ɓarawo ne a gaban mutane. Sai an sauka ake miƙawa, in da maras lafiya ma wani direban yakan ce a bar shi. Da wannan ladabin na shiga Abuja.

Mutum huɗu ake cusawa a baya, biyu a gaba. Na zaunar da Inna a jikin ƙofa, na ɗora ƙafar a kan cinyata. Wani mutum ya shigo cikin farar shadda, katin ma'aikatar gwamnati na lilo a wuyansa, ya yi sallama mai kyau. Bayansa wata mata mai jaka da wayar hannu, irin waɗanda suka fara fitowa a lokacin. Wani kuma ya buɗe ƙofar gaba, ya shaƙi iskar motar, ya mayar ya rufe ya tafi. Gyambon yana wari, ba zan ɓoye ba. Zafi ya taso, ɗaurin kuma tun na jiya ne.

Direban ya bari sai da muka bar gari, muka hau faffaɗan titin nan da babu komai a gefensa sai duwatsu da ciyawa. Sannan ya dube ni ta madubi.

"Madam, wannan ƙafa ya biya nasa kuɗi?"

Na ɗauka wasa yake, na ce ƙafar a cinyata take, ba ta ci gurbin kowa ba.

"Ya kore mini fasinja na gaba. Yanzu mota ya zama shata. Za ka biya kuɗin mota duka."

Ya faɗi kuɗin. Rabin abin da na ƙulle a bakin zane don asibiti ne.

Na ce, "Wace irin shata ce ga mutum biyu a ciki da ban san daga inda suka fito ba?"

Na juya wajen mai farar shadda, don na ji Hausarsa irin tamu ce. Na ce, "Alhaji, ka ji fa abin da yake cewa."

Ya ninke jaridarsa a hankali. "Hajiya, nan ba ƙauye ba ne. A taga ake ciniki kafin a shiga. Tunda ba ki yi ba, abin da ya faɗa shi ne."

Ƙarya ya yi mini. Daga baya na san motar haɗaka tana da tsayayyen kuɗinta, ƙungiyar direbobi ce ta yanka shi, kuma ba a yarda direba ya ajiye fasinja a tsakiyar hanya ba. Mutumin da ke bin titin nan kullum zuwa ofis ya san wannan. Sauri kawai yake yi, kuma warin ya ishe shi.

Matar ta toshe hanci da bakin gyale. "Don Allah ki biya ko ki sauka, wasunmu aiki za su."

Inna ta taɓa hannuna. "Ki ba shi, 'yar nan. Mu dai mu isa."

Ban ba shi ba. Wannan nawa laifin ne, ina ɗauke da shi. Na lissafa cewa in na ba shi ba za mu iya biyan gwaji ba, amma gaskiya ba lissafi ne ya hana ni ba, zuciya ce. Na ce ko sisi ba zan ƙara a kan na kujera biyu ba.

Ya taka birki, ya zagayo, ya jefar da ƙullin kayanmu a kan tsakuwa, ya buɗe ƙofar da Inna ke jingine. Don kada ya taɓa ta, da kanta ta sauko, kuma ƙafar ciwon ta fara takawa. Ba ta yi kuka ba. Na ji matar na cewa a sauke gilasai duka. Mai shadda ya matsa ya baje a wurin da muka tashi.

Motocin titin nan ba sa tsayawa. Na ɗaga hannu har ya gaji. Wata mata 'yar ƙauyukan wurin ce ta ɓullo daga cikin ciyawa da itace a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Ta dubi ƙafar, ta sauke itacenta, ta duƙa.

"Mama, hau nan. Mota ba ya tsaya sai a gada."

Ta goya Inna har gadar, ni ina biye da ƙulli. Ta ƙi karɓar ko lemo.

A gadar muka sami mota, muka isa asibiti ana kiran azahar. Mai karɓar kati ya ce Talata mai zuwa, bai ma ɗago kai ba. Wata nas ta wanke gyambon ta sake ɗauri, ta ce in lura da yatsun, in sun yi baƙi mu dawo da gudu. Kafin Talatar ta zagayo sun yi. A ƙasan gwiwa aka yanke. Likita bai ce makon nan ne ya ci ƙafar ba. Ni ce na ce.

A unguwar Mpape muka sauka a waccan Talata ta farko, a ɗakin wani ɗan kawuna mai fasa dutse. Bayan la'asar na ba shi labari, sai ya tambaye ni lambar motar. Ya ce kowace koriyar tasi da lamba a jikin ƙofarta, in ka kai wa ƙungiya ita, za su nemo mai motar su ladabtar da shi. Na ga lambar. Manyan fararen zane ne, daidai fuskata lokacin da yake jan motar. Amma ni ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba sai da na yi jikoki, a ranar ko alif na boko ban sani ba.

Da gari ya waye na bar Inna a hannun matarsa. Na yago bayan kwalin sabulu, na ɗauki gawayi a murhu, na gangara tudu. A bakin titi na tsaya a tagar mota na tambayi kuɗin Zuba, na sa direban ya maimaita da ƙarfi a gaban fasinjoji kafin na shiga. Da na isa na sami dutse a ƙofar tasha, inda kowace tasi sai ta rage gudu kafin ta fita, na zauna da kwalin a cinyata ina duba fuskokin direbobi ɗaya bayan ɗaya, don in na gan shi in kwaikwayi zanen lambar da gawayi.