Goron da Aka Kawo Gidanmu

Masu karanta littattafaina sukan tambaye ni me ya sa masoyan da nake rubutawa duk sun yi furfura, kuma me ya sa sai sun sha dariyar mutane kafin su dace. Nakan ce haka na ga dama. Gaskiyar ita ce daga gwaggona na samo abin, yayar babana.

A shekarar da aurena ya mutu na koma gidanmu a Dogon Dutsi, na tarar da ita a can. Mijinta ya rasu a Tibiri, ’ya’yanta sun watsu neman abinci, sai Baba ya ɗauko ta. Mu biyu zawarawa a ɗaki guda, sai dai ni kaɗai ake kira da sunan. Ita kam an gama da ita, tsohuwa ce mai jikoki, aikinta ƙuli-ƙuli da carbi.

Ran Juma’a nakan raka ta kasuwa. A can na lura da wani dattijo, tsohon malamin makaranta da kowa ke ce wa Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, wanda ba ya fashin zuwa sayen ƙuli-ƙulinta. Mutumin nan haƙoransa ba su kai na kirki ba, ko tuwo sai ya yi laushi. Na tsokane ta har ta gaji, ta faɗa mini. Tare suka tashi a Matankari, ya so ta, ta so shi, ba wanda ya furta. Aka tura shi aiki nesa, ita kuma ta yi aurenta. Yanzu matarsa ta rasu. Ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba.

Wata rana bayan la’asar sai ga Mushe a bayan kabu-kabu, cikin babbar riga, rungume da ƙunshin goro. A wajenmu namiji ba ya zuwa neman wa kansa aure, manyansa yake turawa. To Mushe manyansa duk suna ƙasa, shi ne babban. Ya rasa wanda zai aika, ya aiki kansa. Baba kuwa da ya ga farin gemu da goro a zaure, bai ko yi tambaya ba. Mushe yana da ɗa ma’aikacin asibiti da ba shi da mata, Baba yana da ’ya bazawara, magana ta ƙare. Mushe ya sunkuyar da kai ya ce ya zo neman iri a gidan nan, Baba ya ce zai tuntuɓi mai ita. Suka rabu kowa yana murna.

Baba ya shigo yana washe baki, ya ce mini, “Ɗiyata, Mushe ya kawo goronki, ma ɗanai.”

Gwaggo tana gyaran gyaɗa a faifai. Hannunta ya tsaya, sannan ta ce, “Allah shi sa albarka,” ta ci gaba da aikinta.

Dariya ta taso mini, da na dubi fuskarta sai ta koma. Na bi ta ɗaki na ce ta yi magana. Ta ce, “Ke, rufa min asiri. In tcaya gaban ƙanena in ce miji nika so? Da jikoki? Ki amshi yaron, na kirki na.” Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji tausayinta har cikin ƙashina. Na ce ba na son yaron, ban ma san shi ba, rantsuwata kuma ba zan karya ba.

Na gaya wa Baba ban amince ba. Bai matsa mini ba, ya ce da safe zai mayar da goro. Ni da Gwaggo mun san abin da hakan ke nufi. Mushe zai ɗauka ita ce ta ƙi shi, kuma mutum irinsa ba ya dawowa.

Da hantsi Baba ya sa hula, ya ɗauki ƙunshin. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, na kasa kunne kamar auren nawa ne. Har ya kai bakin zaure sai muka ji muryarta daga ɗaki.

“Kai, aje goron ga.”

Baba ya juyo. “Yaya, yarinya ta ce ba ta so.”

Ta fito, ɗankwalinta a karkace, idonta a ƙasa. “Ba nata na ba. Nau na.”

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya dubi goron. “Ke, Yaya?”

“Ni. Mi ag gare ni?”

Sai ya zauna a kan turmi ya yi ta dariya, dariyar kansa, yana cewa ashe surukin da ya yi wa kallon uban ango shi ne angon. Ni ma na saki tawa. Gwaggo ba ta yi ba. Hawaye ne ke bin kumatunta, ba ta ko share ba.

Ta ce, “In ka gama, tashi ka tai ka hwaɗa mai na amsa. Wancan karon na yi kurum ina jira nai, shi ma shina jira na, har munka tsuhwa. Yanzu ba ni da wasu shekarun da zan ba kunya.”