Rakiyar Malam Datti

Malam Datti ba ya fara wasa sai ya gaisa. Da zarar waya ta haɗa shi da mutum uku da bai taɓa gani ba, sai ya gyara zama a kan bencinsa na ƙofar gida a Unguwar Rimi, ya kawo wayar kusa da baki, ya ce, "Salamu alaikum. Barkanku da yamma. Ya iyali? Ya muka ji da zafi?" Sau da yawa kafin ya kai kan tambayar gajiya an riga an harbe shi. Bai taɓa gajarta gaisuwar ba. Ya ce mutumin da za ku mutu tare, ya kamata ka san yadda ya kwana.

Wasan na waya ne. Ana jefa mutane hurhuɗu a wani tsibiri, kowace ƙungiya tana neman ta zama ita ce ta rage a ƙarshe. Ba kai ke zaɓar abokanka ba, na'ura ce ke haɗa ka da waɗanda take ganin tsaranka ne. Akwai matakai kuma. Tagulla ce a ƙasa, sai azurfa, sai zinariya, sai lu'ulu'u, inda mu 'yan unguwa ba mu da kowa.

'Yarsa Nafisat ce ta saya masa wayar bayan ya yi ritaya, don ya riƙa sauraron karatu. Ya kuwa saurara, na ɗan lokaci.

Aikin da ya yi wa gwamnati shi ne raba wa ma'aikata wuraren aiki. A teburinsa ake sanin wanda zai zauna cikin gari da wanda za a tura ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. A zamanin nan gidansa ba ya rabo da masu zuwa gaisuwa, wasu da zabbi a bayan mota. Gaisuwa ce dai. Saboda haka da aka gaya masa babu wani mutum da ke raba 'yan wasa, murmushi kawai ya yi.

"Haka mu ma muke cewa," in ji shi.

Ya daɗe yana bincike a hankali, wa ke kan teburin, ɗan wace jiha ne, ko yana zuwa gida da sallah. Bai samo ba. Ya ce lalle mutumin ya ƙware.

Da ya rasa wanda zai gani, sai ya juya kan waɗanda ke ƙasa. Sabon shiga yana shan wuya a wasan nan. Bai san inda ake ɓuya ba, na'ura kuma ta haɗa shi da yaran da ba su kai jikokinsa ba, su yi ta zaginsa. Da yawa daga cikin tsofaffin ma'aikatan unguwarmu sun gwada sun bari saboda wannan. Wasan ya yarda ka gayyaci wanda ka sani in matakinku bai yi nisa ba, don haka Malam Datti yakan ɗauki sabon shiga su shiga tare, su zauna a benci ɗaya bayan la'asar yana yi masa bayani.

"In an zage ka da yaren da ba ka ji, ɗauka addu'a ce. In da Hausa ne, ga inda ake toshe murya."

Yakan kuma ce, "Bi bayan wanda ya fi kowa shiru, shi ya san aiki. Mai yawan ba da umarni darakta ne, kada ka bi shi, zai kai ka fili ya gudu." In an yi ta haɗa mutum da marasa kan gado, yakan karɓe wayar ya kife ta, ya sa a kawo ruwa. Ya ce wanda aka tura ƙauye ya tafi da fushi, sauro ma ya fi cizonsa.

Wannan aiki ya sa masa suna rakiya. Yakan raka baƙo har bakin azurfa, ya yi masa sallama, shi kuma ya yi ta faɗuwa har ya koma tagulla ya jira wani. Ya ce da gangan yake faɗuwar, domin mai rakiya gida yake komawa. Na zauna kusa da shi ranakun da yake faɗuwa da gangan, na zauna ranakun da yake wasa da gaske. Idon tsoho ne, ban iya rabewa ba.

Ana haka Haruna ya zo. Mutumin kudancin Kaduna ne mazaunin Badarawa, sun yi ofis ɗaya da Malam Datti, kuma har bayan ritaya Oga yake ce masa. Ɗansa Daniel yana aiki a Legas.

"Oga, yaron nan ba ya ɗaukar waya. In ya ɗauka sai ya ce, Baba ina cikin wasa, zan kira ka. Da ya zo Kirsimeti na ji shi yana dariya da abokan wasan nan. Rabon da ya yi mini irin wannan dariyar tun yana firamare. Ina so in shiga inda yake."

"Yana wane mataki?"

"Lu'ulu'u, in ji uwarsa."

Malam Datti ya cire hula ya mayar. Suka buɗe wa Haruna nasa wasan, suka gwada gayyatar Daniel, wayar ta ce tazarar ta yi yawa, sai Haruna ya kai zinariya.

"To in kira shi in tambaye shi mana, ko da wata hanya," in ji Haruna.

"Kai da ka yi aikin gwamnati? Yaushe ƙaramin ma'aikaci ya fara tunkarar na sama kai tsaye? Bi ta tsani."

"Ɗana ne fa, Oga."

"A gida."

Haka suka kama. Damina ta shigo ta same su a kan benci, in ruwa ya sauko su koma cikin gareji. Haruna yana da hannu, kuma yana jin magana. Ya bi masu shiru, ya toshe masu zagi, har ya wuce bakin azurfa, wurin da Malam Datti bai taɓa taka ƙafa ya daɗe ba. Daga nan tafiyar ta yi nauyi. Sau da yawa nakan ga Haruna ya bar wurin ɓuyarsa ya koma fili ɗauko Oga, su mutu tare. Duk wanda ke kallo ya ga abin da ke riƙe da baƙon, amma ba a faɗa. Haruna ne ya gwada rannan, cikin ladabi.

"Oga, rakiyar ta isa haka. Na gode, ka koma gida."

"Sai na ga ka hau mota," in ji Malam Datti.

Suna dab da zinariya ciwo ya kwantar da Malam Datti. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya ji ƙansa.

Daniel ya zo ta'aziyya daga Legas, domin a gidan nan ya ci naman sallah tun yana ƙarami. Suka zauna da ubansa a tabarma ɗaya har aka shafa addu'a. Da suka fito, ina tsaye kusa da motarsu, Haruna ya ciro waya ya nuna masa inda suka kai. Daniel ya duba, ya dubi ubansa, ya sake dubawa.

"Baba, tun yaushe kake wannan?"

"Tun kafin ruwa ya sauka."

"Ga wata ƙofar shiga wasan nan a gefe, ba ku gani ba? Nan babu mataki. Kowa na iya gayyatar kowa."

"Mun gani. Oga ya ce ta 'yan wucin gadi ce. Babu ƙarin girma, babu fansho."

Daniel ya rufe baki da hannu saboda wurin makoki ne, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Uban bai hana shi ba.

Yanzu duk Lahadi in an taso daga coci sukan shiga ta ƙofar 'yan wucin gadin, su yi ta hira ana harbinsu. Daniel ya ce a ba shi wayar da yamma ɗaya ya haye da ita zinariya, tunda abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Haruna ya ƙi. Ya ce wanda ya rako shi bai sallame shi ba tukuna, saboda haka yana nan a ƙarshen azurfa, inda suka tsaya da Oga.