Ƙugiyar da Babu a Saƙon Yaya Habu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu, kuma har yau idan gabas ta yi baƙi ba na iya zama wuri ɗaya.

Aikinsa nazarin yanayi ne. Yakan zauna gaban hotunan rada, na'urar da ke leƙa cikin gajimare tun yana nesa, ya tantance mai ruwa zalla da mai iskar da ke kwashe rufi. Ni kuwa ina karanta labarai a rediyo, shi ya sa yake turo mini abin da ya gani.

Wata rana da hantsi, farkon damina, ya rubuto: "Akwai hadari babba wajen garin Sara zuwa la'asar." Wayarsa ba ta da haruffa masu ƙugiya. Haɗari yake nufi. Na karanta hadari, har na yi wa manoma albishir. Mutane suka tafi gona da iri, aka bar dabbobi a fili. Iskar ta yaye kwanon gidaje, ta kayar da bishiya a kan shanun Inna Hadiza, ƙanwar mahaifiyarmu.

Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam mai murya, ni na ga jan haɗari a allon rada, kai ka ga shuka." Daga ranar ya daina rubutu. Sai dai ya kira, ya sa in maimaita kalmar yana saurare.

Yanzu ko masu acaɓa a tashar Birnin Kudu suna duba taswirar ruwa a wayoyinsu. Da yana nan, murna zai yi? Ban sani ba. Ina jin zai tsaya a bayansu ya tambaya: wannan jan da kuke kallo, wa zai faɗa wa mai shanu ma'anarsa?

Makon jiya wadda ta gaje shi a aikin ta turo saƙo: "Akwai hadari wajen garin Wurno." Na kira sau uku, ba ta ɗauka ba, ga lokacin labarai ya yi. Na ce a shigar da dabbobi, kada a tsaya ƙarƙashin itace.

Ruwa ne kawai aka yi, mai kyau. Wani dattijo ya tare ni a kasuwa: "Malam, ka cinye mana yinin shuka!" Na ba shi haƙuri.

Abin da Yaya Habu ya bar mini ke nan, kiran nan kafin in buɗe baki. Allah Ya jiƙan sa. Shi in na kira, kullum yakan ɗauka.